Sunan da Za a Rubuta a Takardun Jif Ɗin Malam Barau

Ku gyara zama, ga wata na kawo muku. Ba ta zamanin da dabbobi ke magana ba ce, domin akwai mota a cikinta, kuma mutanenta duk suna nan da ransu. Abin da nake roƙo kawai a bar ni in kai ƙarshe kafin a fara gardama, ko da yake na san majalisar nan ba ta saba da hakan ba.

A wani gari da ake kira Gidan Marke, can gefen fadama, akwai wani tsohon malamin dabbobi, Malam Barau, da matarsa Inna Dije. Daga garin zuwa Kano tafiyar awa biyu ce da rani. Da damina kuwa sai yadda rafin da ke tsakaninsu da titi ya ga dama. Akwai kwalbati a kan rafin, wadda aka buɗe da jawabai masu yawa da siminti kaɗan, ruwa yakan bi ta kanta duk lokacin da ƙasa ta ishe shi.

Sai ciwon ƙoda ya kama Inna Dije. Likitoci suka ce za a riƙa yi mata wankin ƙoda a Kano, Litinin da Alhamis. Suka ce idan ta rasa ɗaya za ta wahala, idan ta rasa biyu a jere, to, a fara kiran dangi. Aka ce ta koma Kano da zama, ta ce ita ba ta kwana a garin da ba ta san maƙwabtanta ba. Wanda ya san Inna Dije ya san an gama maganar ke nan. Tsohuwar motar gidan kuma ta kai shekarun da sai an roƙe ta take tashi. Malam Barau ya sayar da gona ɗaya, ya tara 'ya'yansa uku, ya ce su nemo motar da za ta kai uwarsu asibiti rani da damina.

Babban shi ne Sagir, mai haɗa magunguna, wanda ya yi karatu shekara biyar a Indiya. Ya dawo da takardar shaida da ɗabi'ar girgiza kai idan zai ce to. Sagir ya ce akwai wata jif ƙirar Indiya, matsakaiciya, ta iyali, wadda aka sabunta samfurinta a shekarar, kuma an kawo masu sitiyarin hagu Kano. Kwana tara ya yi yana kallon Indiyawa masu sharhin motoci a waya. Dalilinsa shi ne, mai sayen mota a Indiya tambayoyinsa irin namu ne: mutum nawa take ɗauka, mai nawa take sha, tana haye ruwa, kuma tsohuwa za ta yi ƙorafi a kujerar baya? Mafi yawan masu sharhin sun ɓata lokacinsu a kan sababbin fitilu da girman allon gaban direba. Amma ɗaya daga cikinsu, wani mai furfura da ba ya murmushi, ya buɗe bonet ya nuna cewa a sabon samfurin an ɗaga bututun da inji ke shaƙar iska da kusan taƙi ɗaya, saboda ambaliyar daminarsu. A tsohon samfurin bututun yana can ƙasa bayan bamba.

Da suka je wurin dillalin, dukkan samfuran biyu suna ajiye. Tsohon ya fi ƙyalli a gaba, ya fi sauƙin kuɗi, dillalin kuma ya matsu ya rabu da shi, don haka ya rantse cewa bambancinsu fitila ce kawai. Malam Barau ya karkata. Sagir ya kafe.

Malam Barau ya ce, "Kai ɗan Indiya, fitila za mu saya ko mota?"

Sagir ya ce, "Baba, hancin mota za mu saya. Waccan hancinta a gwiwa yake."

Aka tsaya a kan sabon samfurin. Aikin Sagir ke nan.

Ta biyu ita ce Basira, ma'aikaciyar jinya a wani asibitin gwamnati. Ita ba ta kalli bidiyo ko ɗaya ba. Tef ɗin tela ta zo da shi a jaka. Sabon samfurin iri biyu ne, mai kujera bakwai da mai kujera biyar. Mazan gidan duk sun riga sun ga kansu a mai bakwai, domin akwai biki, akwai suna, akwai kuma idon mutanen gari, wanda ba ya cikin lissafin Indiyawa. Basira ta cire takalmi ta shiga bayan kowace, ta kwantar da kujeru, ta auna tsawo ta auna faɗi, ta jingina kamar mara lafiya ta rufe ido, ma'aikatan wurin suna kallonta. Ta gano cewa a mai bakwai, kujerun ƙarshe sun cinye but, wato wurin kaya, kujerar tsakiya kuma ba ta kwantawa baya sosai. A mai biyar, ɓari ɗaya na kujerar yana kishingiɗa yadda mai haki zai iya numfashi, ɗaya ɓarin yana ninkewa ya bar wurin da babbar tukunyar iskar numfashi za ta kwanta a ɗaure ta. A mai bakwai ƙaramar tukunya kaɗai za ta shiga, kuma ƙaramar awa biyu take yi.

Ƙaninta Tasi'u ya ce, "Yaya Basira, ai Kano awa biyu ce."

Ta ce, "Ranar da Inna za ta nemi iskar, ba ranar awa biyu ba ce."

Malam Barau ya yi ƙorafin cewa a gidan mai jikoki goma sha ɗaya mota mai kujera biyar abin dariya ce. Basira ta ce jikokin suna da ƙafa. Aka ɗauki mai biyar. Ta sa aka ɗinka matasai daidai kujerar, ta samo babbar tukunya ta ɗaure, ta sa kafinta ya yi ɗan matakala na katako saboda jif ɗin ta yi wa Inna tsayi. Aikin Basira ke nan.

Na uku shi ne Tasi'u, magidanci mai 'ya'ya huɗu, wanda ya bar makaranta a aji uku bisa fahimtar juna tsakaninsa da malamai, ya shekara ashirin yana tuƙa motar kaya zuwa kasuwannin ƙauye. A wurin dillali bai ce komai ba sai abin da kuka ji. Sagir ya rubuto masa a takarda zurfin ruwan da Indiyawa suka ce motar tana hayewa. Tasi'u ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, ya sa a aljihu. Washegari ya loda wa sabuwar motar buhunan shinkafa shanshera daidai nauyin mutum huɗu da tukunyar iska, abin da ya sa Malam Barau bai ci abincin rana ba. Ya ga motar ta zauna ƙasa da yatsa huɗu. Ya ce ashe mutumin Yaya Sagir a motar da babu kowa ya yi awonsa. Ya sari gora, ya tsayar da ita a gefen motar da kayanta, ya duba inda bututun iskar yake, ya rage abin da ruwa ke tasowa idan mota ta tura shi, ya yi wa gorar tsaga da wuƙa. Gorar nan ta zauna a bayan mota. Da damina ta faɗi, duk mako sai ya naɗe wando ya shiga rafin da ita, a kwalbati da sama da ita da ƙasa da ita. Yakan zauna da Fulanin da ke kiwo a wajen ya tambaye su inda shanu ke hayewa, da inda ƙasa ke da tsakuwa, da inda take da laka. Mutanen gari suka ce Tasi'u ya koma su ba tare da koma ba. Aikin Tasi'u ke nan.

Wata uku aka yi ana zuwa Kano ana dawowa lafiya, har aka fara cewa da tsohon samfurin aka saya da yanzu akwai canji a hannu.

Sai Agusta. Ranar Lahadi aka yi ruwan da ya kai Talata, rafi ya shafe kwalbati, ko mai keke bai haye ba, Inna ta rasa wankin Litinin. Ranar Laraba ruwa ya ɗan ja, Sagir da Basira suka hayo a kwalekwale suka kwana a gida. Safiyar Alhamis ƙafafun Inna sun kumbura, fuska ta tashi, ba ta iya kwanciya, ba ta iya haɗa kalma uku ba tare da ta huta ba. Basira ta kishingiɗar da ita a kujerar nan, ta sa mata iska, ta zauna kusa da ita. Malam Barau ya shiga gaba, Sagir ya takure a baya kusa da tukunya, Tasi'u ya ja.

A kwalbati ruwa yana gudu a kan siminti. Tasi'u ya tsaya, ya ɗauki gora ya shiga. Ruwan ya wuce tsagar da yatsa biyu. Sagir ya sauko ya auna da tef ɗin Basira, ya ce ai bai kai abin da Indiyawa suka faɗa ba, saura yatsa biyu ma.

Ya ce, "Tasi'u, shiga. Ba mu da lokaci."

Tasi'u ya ce, "Yaya, mutuminka ba ya cikin motar nan. Mu ne a ciki."

Malam Barau ya ce ya ba shi umarni a matsayinsa na ubansa. Tasi'u ya ce ya ji, ya shiga mota, ya juya kanta. An ce wannan ne karo na farko da ya saɓa wa ubansa a gaban mutane, kuma ya yi shi cikin ladabi sosai. Ya bi gefen gonaki ya yi sama, tafiyar awa ɗaya cikin ciyawa, har mashigar shanu, inda rafin ya baje a kan tsakuwa. Ya sake shiga da gora, ya taka daga wannan gaɓa zuwa waccan ya dawo. A wuri mafi zurfi ruwan yana ƙasa da tsagar da yatsa ɗaya. Ya sa giyar farko, ya shiga a hankali, bai ɗaga ƙafa ba har tayoyin gaba suka kama tudu. Ruwa ya wanke bamba, ya rufe daidai inda hancin tsohon samfurin yake, bai kai na wannan ba.

Daga can sai da suka yi wata awar kafin su fito titi. Tafiyar awa biyu ta zama huɗu da 'yan mintuna. Da suka tsaya a ƙofar asibiti, allurar ma'aunin babbar tukunyar ta kusa kwanciya. Aka ɗauki Inna aka jona ta da na'urar wankin ƙoda, bayan la'asar ta buɗe ido ta tambayi ko an ba akuyoyinta dusa. Game da kwalbati kuwa, na ji cewa da rana wata motar haya da ta fi jif ɗin tsayi ta gwada. Fasinjojin sun fito lafiya ta taga. Motar sai bayan mako aka jawo ta da tarakta.

Da hankali ya kwanta, sai ga saƙo daga dillali cewa lambar wucin gadi ta ƙare, a zo a yi wa motar takardu, kuma layin sunan mai mota layi ɗaya ne. Malam Barau ya ce shi idonsa ba ya tuƙi, kuma ba ya son motar ta shiga cikin gado a sayar da ita a raba. Zai rubuta sunan wanda ya fi kowa hannu wajen kai uwarsu asibiti ranar nan, ta zama tasa, da sharaɗin Litinin da Alhamis na Inna ne.

Kowannensu ya ce a ba ɗan'uwansa, kamar yadda tarbiyya ta tanada, sannan kowa ya ɗan ƙara bayani. Sagir ya ce shi bai yi komai ba, illa dai da an bi dillali da injin ya sha ruwa a tsakiyar mashiga. Basira ta ce ita ba ta iya tuƙi ba ma, illa dai da ƙaramar tukunya ce da sun isa Kano da motar lafiya lau, Inna ce kawai ba za ta isa ba. Tasi'u ya ce shi direba ne kawai, masu ilmi sun zaɓi mota mai kyau, kuma da ya bi takardarsu da tana nan a ƙarƙashin kwalbati da kyanta.

Malam Barau ya je ya tambayi Inna Dije. Ita ba ta kiran sunan ɗan fari, don haka ta ce shi wancan na Indiya ya yi ƙoƙari, Basira ta yi ƙoƙari, Tasi'u ma ya yi ƙoƙari, amma ita abin da ta tuna a tafiyar shi ne sanyin motar ya yi yawa. Ya dawo da fom ɗinsa yadda ya je da shi.

Fom ɗin yana nan a aljihun Malam Barau, biro yana hannunsa, dillali kuma ya ce Juma'a ce ranar ƙarshe. To, ku da ba ku taɓa rasa ra'ayi ba, Sagir, ko Basira, ko Tasi'u, sunan wa ya kamata ya rubuta a layin nan?