Ɗaki Ɗaya a Bayan Kantin Tungar Jatau

Ku gyara zama, yau gardama na kawo muku, kuma tun yanzu ku sani raina a ɓace yake.

Lokacin da gonakin gida suka gaji, wasu magidanta suka tsallake kogi, suka sari daji, suka kafa Tungar Jatau. Ba kasuwa, ba hanya. Mai gishiri da kananzir ɗaya ne, can bakin mashigi, shi kuwa azzalumin ba ya karɓar komai sai irin shuka. Mutum ya lashi gishiri da rani, damina ta faɗi ba abin da zai sa a ƙasa. Da abin ya ishe su, kowane gida ya kawo dami, suka gina kantin haɗin gwiwa, da rumbun iri a bayansa. Suka sa doka: ba a fasa rumbun nan sai ruwan shuka ya sauka. Makulli aka damƙa wa Tabawa, wadda mijinta ya rasu wajen saran dajin.

Ba a daɗe ba aka yi fari, yunwa ta shigo tunga.

Mutane suka taso da gatari za su fasa rumbu. Tabawa ta shimfiɗa tabarma a bakinsa ta tare a nan. An zage ta, an jefe ta. Jikanta na goye yana kukan yunwa, ga hatsi a bayanta, ba ta ɗebi ko ƙwaya ba. Yaron bai kai damina ba.

Cindo, maƙwabcinta, ya kora jakinsa zuwa wata kasuwa mai nisa, ya musanya shi da garin rogo, ya ɗauko a ka. Ya yi ta komawa yana dako yana kawo wa kanti gari, har bayansa ya ranƙwafa. Ba don garin rogon nan ba, da an take Tabawa an cinye irin.

Gagare kuwa gidansa ne tsakanin daji da kanti. Ran da wutar mafarauta ta doso tunga, da hannunsa ya cinna wa gidan nasa wuta, yana dukan gefenta da ɗanyen ganye. Wutar daji ta iso ta tarar da toka, ta mutu. Amma ta ƙone masa hannu, tun ranar yatsunsa ba su sake riƙe fartanya ba.

Ruwa ya sauka, aka fasa rumbu, kowa ya shuka, tunga ta rayu. Su ukun suka tsufa a bukkoki uku jikin kantin, ba mai ɗa a kusa.

Yau tunga ta zama gari, har da kwalta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi! 'Yan kwamitin kanti, waɗanda iyayensu suka zo bayan an gama tumɓuke kututture, suka ce za a faɗaɗa shago. Suka rushe bukkokin nan uku, suka bar ɗakin maigadi guda, wanda tabarma ɗaya ke cika shi. Ko kunya babu.

Shugabansu, Alhaji Mairiga, ya ce wa Tabawa, "Iya, sai haƙuri fa, ɗakin ɗaya ne. Ku zaɓi wanda ya fi wahalta wa kanti."

Tabawa ta ce, "Ɗan nan, ashe wahala ma da mudu kuke aunata?"

Baƙin ciki ya cika ta. Ta dubi bayan Cindo, ta dubi hannun Gagare, ta kasa cewa ita ce. Ta tuna ɗan kabarin da ke bayan gari, ta kasa cewa ba ita ba ce. Ga kayansu a tsakar rana, ga hadari ya fara haɗuwa a gabas.

'Yan kwamiti ku bar ni da su, Allah na nan. Ku dai ku raba mini wannan: wane ne a cikin ukun ya fi cancanta ya shiga ɗakin, su wa kuma za ku bari ruwa ya doka?