Rigar Tsoho Mai Doro

Akwai wani tela da duk layin ke kira Gwani, don shi kaɗai ya iya yanka rigar da za ta zauna wa mai doro daidai. Da aka ƙara haraji, sai ya riƙa lulluɓe kekensa tun azahar, ya koma benci wajen 'yan karta.

"Ba zan yi wa gwamnati bauta ba," in ji shi. "Ni da gumi, su da ci?"

Matarsa ta ce, "Maigida, ai tun kafin harajin kuke soyayya da bencin nan. Yanzu dai ka samu wanda za ka ɗora wa."

Wata rana wani tsoho mai doro ya kawo yadi, yana haki. Ɗansa da ya daɗe a ƙasar waje zai dawo, ba ya son yaron ya same shi cikin tsumma.

Gwani ya auna shi, ya yanka yadin, ya jefa kan kanta.

"Baba, sai sabon wata. Aikin wannan watan ya kai inda zan tsaya."

"To, ɗana, zan jira," in ji tsohon.

Kullum sai ya biyo ta ƙofar shagon, ya leƙa, ya yi tari, ya wuce. Daga baya aka daina ganinsa.

Ranar da wani baƙo ya yi sallama a shagon, Gwani na ganin fuskarsa ya gane ɗan tsohon ne, don kamarsu ɗaya.

"Ban samu Baba da rai ba," in ji baƙon. "An ce yana da riga a nan. Ina son in ga abin da ya so in gan shi a ciki."

Gwani ya ɗauko gutsattsarin yadin, duk ƙura. Baƙon ya daɗe yana kallo, ya fita bai taɓa ba.

A ranar Gwani ya ɗinka rigar, kafin la'asar ma ya gama. Ya rataye ta a ƙusa, bayanta ya tashi, sai ka ce tsohon ne ya juya baya yana jira.

An rage harajin, an kuma ƙara shi, Gwani bai ko tambaya ba. Har yau in aka yi tari a ƙofa, kekensa kan tsaya cak, ya kasa ɗaga kai.

Darasi: Haraji aljihu yake taɓawa, amma himma a zuciya take. Kada ka fake da shi ka bar wanda ke jiran aikin hannunka. Ka tura wa wani labarin nan, wataƙila akwai mai jiransa yau.