Takalmin da Ke Cikin Fata

An yi wani attajiri, Alhaji Maikano, mai shagon takalma a unguwar dukawa. Da ciniki ya ja baya, sai ya tara ma'aikatansa ya ce, "Kafin Juma'a kowa ya kawo mini samfurin da ba a taɓa gani ba. Wanda bai kawo ba, ya kama gabansa. Wanda ya ɓata mini fata garin gwaji, shi ma haka."

A cikinsu akwai Haladu, badukun da shi kansa ya san bakinsa ya fi hannunsa aiki. Ran Juma'a ya shimfiɗa jar fata sukutum a gaban Alhaji.

"Ina takalmin?" in ji Alhaji.

"Yana ciki, ranka ya daɗe, fito da shi kawai ya rage. Ka san hannuna, ko tsohon samfuri sai na karkatar. Ga wuƙa, nuna mini inda za a yanka ba ɓarna."

Alhaji ya juya fatar, ya sake juyawa. Can ya ce, "Ina zan san wurin yanka abin da ban taɓa gani ba?"

"Mu ma tambayar da ta hana mu sukuni ke nan," in ji Haladu.

Alhaji ya ajiye wuƙar, ya ce a yi gwajin, ɓarna a wuyansa.

Sauran suka fito da takalma na gani na faɗa. Haladu kuwa ya dubi nasa ya ce, "Wannan kam da an bar shi a cikin fatar."