Bushiya da Kura a Fadamar Santsi

Ga ta nan tafe gare ku!

Ta iso, muna saurare!

Wata shekara ruwa ya janye daga fadama, ya bar laka mai santsi. Duk wanda ya taka ta, ba tsayawa, ba juyawa, sai ya ci karo da wani abu. A tsakiyarta kuwa ga ƙatuwar tarwaɗa kwance.

Bushiya ta tsaya a gaɓa tana nazari, ga 'ya'yanta kwana biyu ba su ci komai ba. Sai ga Kura, yawu na zuba.

Bushiya ta ce, "Yaya Kura, dakata tukuna. Me zai tsayar da ke?"

"Yunwa mana!"

Kura ta faɗa. Suuu, ta wuce ta kan tarwaɗa, sai gum, ta yi karo da kututture gaba kaɗan.

Bushiya ta ce, "Madalla, kada ki motsa!" Ta dunƙule, ta sulalo, ta tsaya cak a kan kifin, ƙayoyinta a gindin Kura.

"Wayyo ni!" Kura ta daka tsalle, santsi ya kwashe ta har ƙetare.

Bushiya ta rungume tarwaɗa, ta dunguri kututture, ta sulale gida. Daga ƙetare Kura ke kira, "Ƙanwata, a ajiye mini ko wutsiya ce!"

Ƙurunƙus kan ɗan tarwaɗa!