Alkamar Kabari

Akwai wani manomi a ƙasar Masar, tun zamanin Fir'aunoni, gonarsa tana bakin kogin Nilu. A can ba a jiran ruwan sama. Kogi ne yake cika sau ɗaya a shekara, ya malale gonaki, ya janye ya bar baƙar laka. Sai a watsa iri a kai, a koro tumaki su tattake shi ya shige. Shi ke nan an yi shuka.

Mutanen nan suna da wata al'ada. Tun mutum yana da ƙarfinsa zai haƙa kabarinsa a jikin dutse, ya riƙa tara abinci a ciki, wai guzurin lahira. Manomin nan kuwa ya fi kowa himma. Kowace kaka sai ya cika tulu biyu da alkama, ya liƙe bakinsu da yumɓu, ya kai kabari. Tulu goma sha huɗu ya jera. In ya tuna da su, har tafiyarsa takan canja.

Wata shekara kogi ya ƙi cika. Yunwa ta sa mutanen ƙauyen suka cinye har irin shuka. Da shekara ta zagayo, kogi ya zo da ruwa ba laifi, ya bar laka tana sheƙi. Ga laka, ba iri. Laka kuwa ba ta jiran kowa, kwana kaɗan rana za ta ƙone ta, a sake shiga wata yunwar.

Matarsa ta same shi zaune a ƙofar gida, ta ce, "Maigida, alkamar nan ta kan dutse fa?"

Ya ce, "Kul! In na mutu me zan ci?"

Ta ce, "Gawa tana da haƙori ne? To, riƙe abinka. Amma in yunwa ta gama da mu duka, wa zai ɗauke ka ya kai ka ramin? Kura?"

Ya tashi a fusace ya hau dutsen, don ya tabbatar ba wanda ya taɓa masa kaya. Ya ɗaga tulun farko, ya ji shi sakayau. Ya fasa yumɓun. Ba kome ciki sai dusa da ƙwari, sun yi ɓul-ɓul. Na biyu haka, na uku haka. Haka dai har tulu goma. Can sai dariya ta ƙwace masa, har da riƙe ciki.

"Shekara bakwai! Ashe ƙwari nake wa noma!"

Tulu huɗu na baya-bayan nan suna nan lafiya lau. Ya fito bakin kabarin ya ƙwala kira, "Jama'a, ku zo da kwanduna!"

Ranar an ga abin da ba a taɓa gani ba: mutane suna saukowa daga maƙabarta da guɗa. Kowane gida ya sami rabonsa. Aka watsa iri, aka saki tumaki, manomin yana bayansu, laka har gwiwa, yana waƙa da muryarsa marar daɗi. Da kaka ta yi, masussuka ta cika, kowace mace ta gasa gurasa ta aika gidansa, har matarsa ta rasa inda za ta ajiye.

To, ku buɗe kunne, ga ma'anar wannan misali. Tulun kabari shi ne duk abin da kuka kulle kuna cewa sai wata rana: hatsi a rumbu, zane a akwati, sana'ar da kuka ƙi koya wa kowa. Lakar nan ita ce bukatar ɗan'uwanku, yau take, gobe ta bushe. Har yanzu masu tono a Masar suna tarar da abinci a kaburbura, mai shi bai ci ko loma ba. Mu kuwa Ubangiji Yesu ya riga ya shirya mana wuri, ba a zuwa gidansa da ƙunshin tuwo. Saboda haka in an tashi daga nan, kowa ya je gida ya fasa tulunsa, ya fara da maƙwabcin da yau bai ga hayaƙi a gidansa ba.