Silifas ɗin da Ake Yarwa a Bakin Zaure

Akwai wata mata a Mainika, cikin ƙasar Gwarzo, sunanta Hamida. Ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibiti a Kabo, ita ke awon masu ciki da yi wa jarirai rigakafi. Gari na wayewa take fita tarar mota, ba ta dawowa sai la'asar sakaliya.

Gidan yawa take aure. Akwai surukarta Hajjo, tsohuwa mai riƙon al'ada irin ta mutanen da suka taso a bayan shanu. Akwai kuma Bilki, matar wan mijinta. Ita ma Bilki ta yi karatun koyarwa, amma ta zaɓi zaman gida har yaranta su tasa. A hannunta Hamida ke barin 'yarta ta fari, Zinnira, mai shekara uku da rabi.

To, kun san al'adar gidajen nan. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta ɗaukarsa a gaban surukai, ko kallonsa ba ta cika yi ba. Hamida ta riƙe wannan kunya gam. "Yarinyar nan" take ce wa Zinnira. Tun daga yaye kuma a ɗakin Hajjo yarinyar ke kwana.

Amma fa a zuci, wallahi Hamida ba ta da abin so kamar yarinyar nan. Shi ya sa abin da take gani yake ƙona mata rai. Ta sayo wa Zinnira takalmi a Kabo, yarinya ta karɓa ta ruga ta nuna wa Bilki. Yarinya ta faɗi ta goge gwiwa, ga uwarta mai aikin asibiti a zaune, amma sai ta wuce ta ta faɗa jikin Bilki tana "Inna, Inna."

Ranar da abin ya kai maƙura, suna aka je a Kara. Ana zaune a tsakar gida, wata mata ta jawo Zinnira tana mata wasa.

"'Yan mata, ina mamarki?"

Zinnira ta nuna Bilki.

"To waccan mai koren mayafin fa?"

"Antin asibiti ce."

Mata suka kwashe da dariya har da tafawa. Hamida ma ta yi yaƙe. Ta saci kallon Bilki, ta ga tana gyara wa yarinyar ɗankunne. Kishi ya turnuƙe ta, ta ce a ranta, wato ni da naƙuda, ke da 'ya.

Washegari da safe ta iske mijinta Zubair yana zuba wa ragunansa harawa. Ta miƙa masa takarda.

"Ta mece ce?"

"Ta ajiye aiki. Ina can ina rainon 'ya'yan mutane, nan ana ƙwace min tawa."

Zubair ya karkaɗe hannu ya dube ta. "Wa ya ƙwace? Matar Yaya da ke wahala da ita kyauta?"

"Ai dama ka goyi bayanta. Ba kai aka kira anti a gaban jama'a ba."

"Hamida, ni ban tilasta miki aiki ba, ba kuma zan tilasta miki zama ba. In zaman ne alheri ga yarinyar, ni mai murna ne. Amma shekara nawa kika yi kina neman aikin nan? Ki ɗauki hutun sati guda ki gwada. In ya ƙare kina kan bakanki, ni da kaina zan raka ki ki kai takardar."

Haka aka yi. Ranar farko ta hutun ta shiga ɗakin Bilki, ko zama ba ta yi ba. Ta tattara kayan Zinnira, har da kofin kununta.

"Yaya Bilki, an gode da raino. Daga yau an hutar da ke."

Bilki ta dube ta, ta ce, "To, Allah ya taimaka." Ta juya ta ci gaba da aikinta. Wannan ma haushi ya ba Hamida.

Jama'a, satin nan Hamida ta ga ta kanta. Ta dama kunu, yarinya ta ture. Ta dafa taliya da ƙwai, yarinya ta kau da kai. Da ta juya baya, Zinnira ta sulale sai ɗakin Bilki, ita kuma ta bi ta ta jawo ta tana ihu. Har ta fara raya wa kanta cewa ba banza ba, akwai abin da ake ba yarinyar nan.

Rana ta huɗu, bayan sallar la'asar, ta nemi silifas ɗinta na tsakar gida ta rasa. Ta nemi Zinnira, ita ma babu. Ta zari mayafi ba takalmi ta nufi ɗakin Bilki a fusace.

"Fito min da ita!"

"Ba ta nan."

"Yaya Bilki, ina ganin girmanki. Naki huɗu ba su ishe ki ba? Me kike ba ta ne da ta ƙi ni haka?"

Bilki ta ajiye tankaɗen da take yi. Idonta ya kawo ruwa, amma muryarta ba ta tashi ba.

"Zo ki ga abin da nake ba ta."

Ta kama hannun Hamida ta ja ta har bakin zaure. Ga Zinnira a tsaye jikin ƙofa, ta rungume silifas ɗin uwarta a ƙirji, ta zuba wa hanya ido.

"Me take yi a nan?"

"Abin da ta saba. Tun da kika koma aiki bayan yaye, kullum in aka yi la'asar sai na yi mata wanka, na shafa mata mai, na ba ta silifas ɗinki, na ce je ki tari Ummanki. Ni ban taɓa koya mata anti ba, a bakin yara ta ɗauka. Yau kina gida, amma lokacin ya yi, ƙafarta ta kawo ta."



Bilki ta ci gaba. "Da farko da gudu take tarar ki. Sai ki kauce mata, ki wuce ki durƙusa gaban Hajjo kina gaisuwa. Daga baya ta daina gudu, sai dai ta miƙo takalmin. Shi ma ba ki gani. In kin shige, sai ta yar da su ta zo ta kwanta a bayana. Kin tuna faɗan da kike yi, wai wane ne yake watsar miki da silifas a zaure?"

Hamida ta tuna. Kusan kullum sai ta yi wannan mitar. Ta dafa bango.

"Kunya ce, Yaya. Hajjo na zaune, ya zan yi?"

"Na sani. Ni ma haka na yi da Muhsin, ɗana na fari. Amma ni wuni nake a gida. In ido ya ɗauke, sai in ja shi ɗaki in rungume abina. Ke kuwa kin fita tana barci a ɗakin Hajjo, kin dawo gida cike da mutane, ana magariba ta koma wurin kakarta. Ɗan lokacin da kike da shi da ita ke nan, shi ma kin ba wa kunya. Kwana huɗun nan da kuke ɗaki ku biyu, kin kira sunanta ko sau ɗaya?"

Gaskiya ne, Hamida ba ta kira ba. Hawaye suka zubo mata. Ta riƙe hannun Bilki ta ce, "Na zalunce ki, Yaya. Ki yafe min."

"Ni ba komai. Waccan ce mai binki haƙƙi, ga ta can a tsaye."

Da yamma Hamida ta mayar da kofin kunun ɗakin Bilki da hannunta. Ta gaya wa Zubair ta fasa kai takardar a yanzu. Ta ce ko ta zauna a gida shekara goma, in ba ta gyara wannan ba, anti za ta ci gaba da zama.

Ranar Litinin ta koma aiki. Da la'asar ta sauko daga mota. Kamar da gangan, ranar Hajjo ta shimfiɗa tabarma daf da zaure, ita da wasu tsofaffi biyu suna ɓarar gyaɗa. Ga Zinnira a wurinta, fes da ita, da silifas a ƙirji.

Hamida ta tsaya. Ta ajiye jaka a ƙasa, ta durƙusa da fararen kayanta a gaban yarinyar.

"Zinnira."

Ɓarar gyaɗa ta tsaya cak. Ɗaya daga cikin tsofaffin ta ce, "La ilaha illallahu, yau ga 'yar zamani!"

Zinnira ta waiwaya tana neman Bilki. Bilki kuwa ta juya baya ta kama kwashe shanya, kamar ba ta san ana yi ba. Yarinyar ta dawo da kallonta kan Hamida. A hankali ta ajiye silifas ɗin a gaban ƙafafunta, ɗaya bayan ɗaya.

Hamida ta sure ta ta manna a ƙirji. Kunya kamar ta nutse, amma ba ta sake ta ba. Hajjo ta daɗe tana kallonsu, sannan ta tura kwaryar gyaɗa gefe ta ce wa ƙawayenta, "Ku matsa musu su zauna. Yarinyar nan ta daɗe a tsaye."

Zinnira ta ɗago kai daga kafaɗar uwarta, ta taɓa mata kumatu da ɗan yatsa, ta ce, "Anti, ashe kin san sunana?"

Nan kukan da Hamida take dannewa ya ƙwace mata, a gaban surukarta da kowa.

Darasi: Fita aiki ba laifi ba ne, zaman gida ma ba gazawa ba ne. Kowane gida ya zauna ya duba abin da ya fi masa. Amma ko wanne kuka zaɓa, yaro ba ya ganin son da aka ɓoye a zuci, wanda aka nuna masa shi ya sani. Kafin ki yi kishin wadda ɗanki ke gudu wurinta, ki tambayi kanki sau nawa ya rugo wurinki kika wuce shi. Kuma mai riƙe miki ɗa kina wurin nema, godiya ta cancanta ba zargi ba. Ku tura wa iyaye mata da maza, wataƙila yau ma akwai yaron da ke tsaye a bakin wani zaure yana jira.