Masu Kallon da Ba Su Ji Murya Ba

Kanari ake ce masa saboda zaƙin muryarsa. Ɗan kafinta ne, ya tashi cikin garin katako, amma zuciyarsa na wurin waƙa. Murya dai Allah ya ba shi, sai dai yana da girman kai da gajen haƙuri, irin mutumin da zai yi shuka yau ya tona gobe ya ga ko ta tsiro.

Mahaifinsa bai taɓa son sana'ar ba. Da ƙyar ya ba shi wa'adin shekara guda. Idan ya tara jama'a suka cika ɗakin taro don jin waƙarsa, ya ci gaba. Idan ya kasa, ya dawo shago ya riƙe zarto.

Tun farko Kanari yana da wani zauren hira a waya mai mutum ɗari uku, teloli da direbobi da 'yan kasuwa. In ya yi waƙa ya tura musu, su yaba, su gyara masa. Daga baya ya fara biyan kuɗi ana tallata waƙoƙinsa a intanet. Karon farko abin ya yi armashi, baƙi suka yi ta rubuto masa. Karo na biyu masu rubutowa suka ragu. A karo na uku lambar masu kallo ta yi ta hawa, amma ƙarƙashin waƙar shiru kamar an yi ruwa an ɗauke.

Abokinsa mai haɗa masa sauti ya ce, "Tallan nan fa ya sha ruwa. Kowa biya yake yi yanzu, mutane sun gaji, yatsa kawai suke sawa su ture. Matso in nuna maka wani abu a kwamfuta."

Kanari ya ce, "Nuna wa kanka. Mutum dubu ɗari biyu sun kalle ni, kai kana zancen yatsa."

A ranar ce wata tela a zauren ta rubuta cewa kiɗan farkon sabuwar waƙar ya yi tsawo. Kanari ya fusata. Shi da duniya ta sani, tela ce za ta koya masa waƙa? Nan take ya rufe zauren, ya goge lambobin kowa.

Da wa'adi ya matso, ya kama ɗakin taro mai kujera ɗari biyar, har yana fargabar ba za su isa ba. Sanarwar ma ta hanyar tallan ya yi ta. Da mahaifin ya ga lambar masu kallon a waya, sai ya ɗauka ya zalunci yaron tsawon shekaru. Ya rufe shago kwana uku, ya ƙera masa dandamali da hannunsa, ya goge kowane katako har yana sheƙi. Ya kuma gayyato abokansa uku su zo su ga ɗansa.

An sa ƙarfe huɗu na yamma. Ƙarfe biyar ta yi, Kanari ya leƙa ta bayan labule. Mahaifinsa na zaune a gaba da sabbin kaya, da abokansa uku, da yayar Kanari da mijinta. Bayansu kujeru ne jere har bango, fanka na kaɗa su.

Kanari ya juya ga mai haɗa sautin ya ce, "Ina mutanen? Ko sun ɓata hanya ne?"

Mai haɗa sautin ya buɗe kwamfuta ya juyo masa da ita. Wani layi ne mai nuna yawan masu kallo, ya tashi sama, sannan ya faɗo tsaye. Ya ce, "Abin da na so nuna maka ke nan. Da zarar mutum ya yi daƙiƙa uku a kan tallan, an ƙirga shi mai kallo. Kusan duk a nan suke turewa. Kiɗan farkon waƙarka kuwa daƙiƙa goma sha biyu ne kafin ka buɗe baki."

Kanari ya daɗe yana kallon layin. "Kana nufin ba su ji muryata ba?"

"Ko tarinka ba su ji ba."

Ya zaro waya da sauri don ya kira mutanen zaurensa, waɗanda suka haddace waƙoƙinsa. Sai ya tuna da hannunsa ya goge su. Ya zauna a ƙasa, kunya da tsoro suka rufe shi.

Ƙarfe shida abokan mahaifin suka yi sallama ƙasa-ƙasa suka fita. Tsohon ya hau dandamalin da ya ƙera, ya shafa katakon, ya buɗe jakarsa ya ciro guduma. Bai yi faɗa ba, wannan kuwa ya fi wa Kanari zafi. Ya miƙa masa gudumar ya ce, "Zare ƙusoshin a hankali, kada ka tsaga katakon. Gobe za mu yi benci da shi."

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, kuɗi na iya kai waƙa gaban idon mutane, amma ba ya sayen kunnensu. Lamba mai yawa wani lokaci taron tsintsiya ce babu shara. Mutum ɗari uku da ke saurarenka har su gyara maka sun fi dubban da suka wuce ka a guje. Ka riƙe masoyanka na gaskiya, ka saurari mai ba ka shawara tun da sauran lokaci, domin wanda bai ji bari ba, zai ji hoho.